Faifan Heifetz na 1955: wannan gudun na mene ne?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai warware mini. Abokin aikina ya dawo daga kwas a Ingila, ya yi mini tsarabar faifan CD na wani mai gogen Turawa, Jascha Heifetz. Konceto biyu ne a ciki, na Beethoven da na Mendelssohn, shi da ƙungiyar makaɗan birnin Boston, Charles Munch yana jagora. A bayan kwalin an rubuta an ɗauki na Beethoven a 1955, na Mendelssohn a 1959.

To ni na Beethoven ɗin ba baƙona ba ne. Shekara uku ke nan ina jin wanda mai goge Anne-Sophie Mutter ta yi a 1979, Karajan yana jagora, kullum a mota in zan tafi aiki. Da na sa wannan sai na ji kamar an biyo mutumin da sanda. Abin da Mutter take kaɗawa cikin minti 48, shi ya naɗe shi cikin 38. Minti goma cur! Ina ya kai su? Na kasa kunne ko wani wuri ya tsallake, ban ji ba. Kuma ga shi ana ta cewa wai shi ne sarkin masu goge na ƙarnin da ya wuce. Shin gwaninta ce wannan, ko dai mutumin yana da wani alkawari ne a waje?

Abba Injiniya:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin a yi nisa a taimaka wa irinmu. Mene ne konceto kuma? Ni an sa ni a zauren nan ne don tsofaffin faya-fayai, ban san har da makaranta ba.

Baba Mai Ritaya:
Abba, zauna ka ji. Konceto kiɗa ne da aka tsara wa gwani guda ɗaya, shi yana gaba a tsaye, makaɗa sittin ko fiye suna zaune a bayansa. Wani lokaci ya faɗa su amsa, wani lokaci su faɗa ya amsa, wani lokaci kuma kamar gardama suke yi. Yawanci kashi uku ne: na farko mai tsawo, na biyu mai sanyi, na uku na rawa. Komai a rubuce yake a takarda, sauti bayan sauti, saboda haka abin da Heifetz ya kaɗa shi Mutter ta kaɗa. Inda gwani yake bambanta da gwani shi ne tafiyar, da nauyin hannu, da inda yake numfasawa.

Baban Ilham, ba abin da ya yanke a na Beethoven. Babban wurin da suka saɓa a rubutu shi ne kadenza, inda makaɗa suke yin tsit kusa da ƙarshen kashin farko su bar mai goge shi kaɗai ya baje kolinsa. Beethoven bai rubuta wa goge wannan wurin ba, kowa da wadda yake ɗauka. Mutter ta ɗauki ta Fritz Kreisler, wadda yawancinsu suke ɗauka. Heifetz ya ɗauki ta malaminsa Leopold Auer, ya yi mata kwaskwarima. Ragowar minti goman naka duk a ƙafa ya cinye su.

Maman Sultana:
Baba barka da hutawa. Ni dai a yi mini afuwa, ba na cikin masu yi wa Heifetz kirari. Ban ce bai iya ba, wa ya isa? Amma in na saurare shi sai in ji kamar likitan da ya yi aiki ba kuskure ko ɗaya, ya ɗinke, ya wanke hannu ya fita, bai ko tambayi sunan mara lafiyar ba. Baban Ilham, ka nemi na David Oistrakh da André Cluytens, na 1958. Shekara uku kacal tsakaninsu da wannan naka. Ka ji yadda mutum yake zama a cikin kiɗa kamar ya zo gidan ƙanwarsa.

Abba Injiniya:
Ni ina ganin lissafi ne kawai. Faifan da ai ba ya ɗaukar abu mai yawa. Wataƙila kamfanin ne ya ce masa ya yi sauri don ya shige cikin faifai ɗaya.

Baba Mai Ritaya:
A'a Abba, wannan lissafin bai fita ba. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti, shi ne yake ɗaukar minti huɗu da ɗoriya a kowane gefe, sai a raba konceto ɗaya a faya-fayai biyar ko shida. Amma tun 1948 aka fito da faifai mai dogon zango, wanda gefe guda yake cin minti ashirin da wani abu. Oistrakh ɗin da Maman Sultana ta ambata a irin wannan faifan ya fito, kuma ya yi tafiyarsa a natse ba wanda ya kore shi. Sannan Heifetz ya taɓa ɗaukar wannan konceton a 1940 tare da Toscanini, kuma kusan tsawonsu ɗaya da na 1955. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar bai sauya taku ba, ai ba kamfani ne ya sa shi ba. Haka yake jin abin a kansa.

Kuma ku tsaya ku ji dalilin da nake ganin yana da hujja. Baban Ilham, ka mayar da faifan farko. Me ka fara ji? Ba goge ba. Tambari ne, a hankali, bugu huɗu: dum, dum, dum, dum, a na biyar masu busa su shigo. Wannan bugun huɗun shi ne ƙashin bayan kashin farko gaba ɗaya. Yana fita daga tambari ya koma hannun masu goge na baya, ya koma bakin masu ƙaho, ya ɓuya, ya sake fitowa, har ƙarshe. Shi kansa mai gogen sai an yi wajen minti uku kafin ya sa baki. To in ka ja tafiyar ta yi sanyi da yawa, bugun nan ya daina zama taku, ya koma kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Beethoven ya rubuta a saman takardar da Italiyanci cewa a yi da sauri amma kada ya yi yawa. Mutane suka riƙe "kada ya yi yawa" suka mance da "sauri". Heifetz shi ya tuna.

Maman Sultana:
Shi kuma ya riƙe "sauri" ya mance da "kada ya yi yawa", Baba. 😄

Ga inda nake kama shi. A tsakiyar kashin farko akwai wurin da kiɗan yake rufewa kamar hadari ya taso, masu ƙaho suna wannan bugun huɗun can ƙasa-ƙasa, gogen yana wani kuka shi kaɗai a sama. Duk konceton ba inda ya kai nan taɓa zuciya. Oistrakh in ya zo nan sai ka ji ya sassauta, kamar mai tafiya da ya iso kabarin wani nasa ya ɗan tsaya. Heifetz wucewa yake yi. Kyakkyawar wucewa, na yarda, amma wucewa ce.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, ba wucewa ya yi ba. Ki sake ji, ki bar agogo, ki bi gogen. A daidai wurin nan yana siranta sautin har ya zama kamar zare, yana zamo da yatsa daga wannan sauti zuwa wancan, wata irin zamiya da in kin ji ta sau ɗaya za ki gane shi ko a cikin mutum ɗari. Bai tsaya ba ne kawai. Akwai mai kuka ya zauna a ƙasa, akwai mai kuka yana tafe da makara a kafaɗa. Duka kuka ne.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina yini ku duka. Ni na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Kakana na wajen uwa goge ya yi har ya tsufa, a hannunsa na tashi, shi ya sa da na ga ana maganar goge na kasa haƙuri. Jiya da Baban Ilham ya sa maganar na je YouTube na ji. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙarar bakan. Kana jin izgar tana cizon tsirkiya, ƙarrr, kafin sautin ya fito. Wallahi irin ta tsohon nan ce in ya shafa ƙaro da yawa. Na ɗauka Turawa sun kawar da wannan a nasu.

Baba Mai Ritaya:
Madalla da ɗan gado! Ka ji abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Bakansu ma izgar doki ce, kuma su ma sai sun goga mata ƙaro, na itacen da ake samu a ƙasarsu, in ba haka ba santsi za ta yi ba ta kama tsirkiya. Heifetz kuma har ya bar kiɗa, biyu daga tsirkiyoyinsa huɗu na hanji ne zalla, a lokacin da wasu suka koma waɗanda aka naɗe da ƙarfe.

Amma ƙarar da ka ji, rabinta aikin makirfo ne. Nan kam fagena ne, shekara talatin na yi ina ɗaukar sauti a gidan rediyo. Heifetz yana son a matso masa da makirfo kusa, shi ya sa a faya-fayansa yake fitowa gaba sosai, makaɗan Boston duk yawansu suna bayansa kamar 'yan rakiya. In ka sa makirfo a hancin mai goge dole ka kwashi ƙartar baka. Wanda yake zaune a layi na ashirin a zaure ba ya jin wannan, iska ta tace masa, sai tsantsar sautin yake isa gare shi. Kuma a tuna 1955 farkon zamanin sitiriyo ne, kamfanin RCA yana cikin gwaji. Sun yi sa'ar wuri, don zauren kiɗan Boston da aka buɗe a 1900 yana cikin na farko a duniya da aka gina da lissafin masanin kimiyyar sauti, wani malamin Harvard mai suna Wallace Sabine. Faifan da ya shekara kusan saba'in ka ji shi garau haka, ba banza ba.

Abba Injiniya:
To ni tambayata ta jahilci, kada a yi dariya. Minti 38 ba wanda ya buɗe baki ya ce uffan. Ba waƙa, ba kirari, ba habaici. Me ake faɗa? Me kuke ji har kuke maganar kabari da makara?

Ɗan Damagaram:
Abba, kai ɗan birni ne. Goge ai magana yake yi. Tsohon nan in ya ja taken wani, mutumin yana cikin ɗaki zai fito, ba a kira sunansa ba. Masu ƙwarya suna bayansa suna riƙe masa tafiya, shi yana yawo a kai. Da na ji wannan Baturen da mutanensa abin da na gani ke nan, sai dai su masu ƙwaryar tasu sun yi yawa, kuma an rubuta musu komai.

Abu Ammar:
Jama'a ni fa ina mamakinku. Duk abin da ke damun mutane a rasa abin tattaunawa sai gogen Turawa? Kuma kun san maganar malamai a kan kayan kiɗa.

Shugaban Zaure:
Malam Abu Ammar, Allah ya saka da alheri. Amma ka san ƙa'idar da muka yi tun buɗe zauren nan: ba a fatawa a nan, don ba mu da malamin da zai yanke, kuma duk ranar da aka fara sai an yi kwana uku ana faɗa. Mai son hukunci ya tambayi malaminsa. A ci gaba.

Maman Sultana:
Kan batun "na Turawa" kuwa, akwai abin da ban sani ba sai da na zo nan Jamus. Shi Beethoven ɗin, babbar sonatarsa, wato kiɗan goge da piyano su biyu, da ake kira da sunan wani mai goge Kreutzer, ba don Kreutzer ya rubuta ta ba. Wani mai goge ne George Bridgetower, wanda mahaifinsa baƙar fata ne, su biyu suka fara kaɗa ta a Biyana a 1803, daga baya suka ɓata Beethoven ya sauya sunan. Kafin shi akwai Chevalier de Saint-Georges a Faransa, uwarsa baiwa ce baƙar fata a tsibirin Guadeloupe, ya rubuta konceto na goge fiye da goma. Ba wai ina neman mana gado ba ne, amma dai ba a ce ba mu taɓa taka wurin ba.

Bari in koma kan faifan. Baban Ilham, ka ce biyu ne a ciki, ka yi shiru a kan na Mendelssohn. Nan ne ni da Baba za mu iya shiryawa. A Leipzig nake aiki, garin da aka fara kaɗa shi a watan Maris na 1845. Gidan da Mendelssohn ya rasu a 1847 yana nan an mai da shi gidan tarihi, na shiga sau biyu. Shekararsa 38 kacal. Tun 1838 ya rubuta wa abokinsa Ferdinand David, shugaban masu gogen garin, cewa akwai wani konceto da yake masa yawo a ka, farkonsa ya hana shi sakat. Shekara shida yana juya shi, yana aika wa David yana tambaya ko nan zai kaɗu, ko can ya yi wuya. Kuma in ka ji farkon ka san abin da ya hana shi barci. Ba jiran minti uku irin na Beethoven, daƙiƙa biyu gogen ya shigo da kukansa. Shi a saman takardarsa sauri sosai ya ce, da zafin rai. To a nan gudun Heifetz ya sami gidansa. Wasu suna kaɗa shi kamar alewa, zaƙi har ya gundure ka. Shi ya sa masa barkono.

Baba Mai Ritaya:
Alhamdu lillahi, yau na ga ranar da Maman Sultana ta yabi Heifetz. A rubuta kwanan wata.

To bari in ƙara miki wani abu da zai sa ki sake kallonsa. Gogen da ke hannunsa a wannan faifan, wanda Guarneri ya sassaƙa a garin Cremona na Italiya a ƙarni na 18, a da na Ferdinand David ɗin nan ne. Har yau da sunan David ake kiran gogen. Heifetz ya saye shi a 1922, ya riƙe shi har ya mutu a 1987, ya bar wasiyya a ba gidan tarihin San Francisco, da sharaɗin a riƙa ba gwanayen da suka cancanta su kaɗa. Wato abin da kike ji a faifan 1959 itacen mutumin da aka rubuta wa kiɗan ne.

Maman Sultana:
Kai Baba! Wannan kam ban sani ba. Na sha wucewa ta gaban mutum-mutumin Mendelssohn kusa da cocin Thomas, wanda aka sake kafawa a 2008 saboda 'yan Nazi sun tumɓuke na asalin a 1936 don shi jinin Yahudawa ne, har kiɗansa suka hana. Ashe gogen abokinsa yana can Amurka a hannun wani Bayahuden yana ta kaɗa abin da suka hana.

Baban Ilham:
Ni fa na zama ɗan kallo a zancen da na tayar. Na Mendelssohn ɗin na ji, kuma gaskiya bai dame ni ba, ƙila don ban saba da na wani ba. Abin da na lura, kashin farko bai tsaya ba ya zarce na biyu. Na ɗauka faifan ne ya yi tsalle.

Baba Mai Ritaya:
Ba tsalle ba ne, da gangan ne. Kowa ya yi shiru sai mai wata doguwar algaita mai kaurin murya ya riƙe sauti ɗaya, ya ja shi, ya haye da shi kashi na biyu kamar gada. A zamaninsa mutane tafi suke yi tsakanin kashi da kashi, shi kuwa ya toshe musu ƙofar.

Kuma Baban Ilham, ka faɗi gaskiyar magana da bakinka: "ban saba da na wani ba." Ciwon ke nan. Wanda ka fara ji shi yake zama maka ma'auni. Shekara uku kunnenka yana tafiya da takun Mutter, dole na Heifetz ya zame maka gudu. Ni da na fara da Heifetz a ɗakin ajiyar faya-fayan wurin aikinmu, da na ji na Karajan da yarinyar nan sai na ga kamar an ɗaura wa kiɗan dutse a ƙafa. Ina cewa yarinya don lokacin shekararta 16.

Abba Injiniya:
Shekara 16?! Ni a 16 ko keke ban gama iyawa ba.

Baba Mai Ritaya:
Ai wannan sana'ar da yara take tafiya. Konceton Beethoven ɗin ma yaro ne ya tashe shi daga kabari. Ranar da aka fara kaɗa shi, 23 ga Disamba 1806, bai karɓu ba. Ana cewa Beethoven bai gama rubutun da wuri ba, har mai gogen, Franz Clement, ya kaɗa wani ɓangaren yana karantawa a karon farko a gaban jama'a. A wannan daren kuma, don ya burge mutane, ya kifa gogen ya kaɗa wani abu nasa a kan tsirkiya ɗaya. Kiɗan ya yi kusan shekara arba'in ba mai waiwayarsa sosai, sai a 1844 wani yaro ɗan shekara 12, Joseph Joachim, ya kaɗa shi a Landan, Mendelssohn yana jagora. Daga ranar ya zauna da gindinsa.

Heifetz kansa an haife shi a Vilnius a 1901, yana ɗan shekara bakwai ya kaɗa na Mendelssohn a bainar jama'a. Ya je wurin Auer a St. Petersburg, ya isa Amurka a 1917, ya hau dandalin Carnegie a watan Oktoba yana da shekara 16. Akwai labarin da ake bayarwa na wannan ranar: wani shahararren mai goge, Mischa Elman, yana cikin 'yan kallo yana share gumi, ya ce wa na kusa da shi, Leopold Godowsky mai piyano, wai ba ka jin zafi a ɗakin nan? Shi kuwa ya ce masa, ban da mu masu piyano.

Ɗan Damagaram:
Hahaha! Wannan baƙar magana ce irin ta makaɗa, ko'ina halinsu ɗaya. Amma Baba tsaya, ka ce Clement ya kaɗa a tsirkiya ɗaya mutane suka yi ta mamaki? Mu da kullum a ɗaya muke yi ba wanda ya rubuta mu a tarihi.

Maman Sultana:
Ɗan Damagaram ka gama da ni. 😂

Baba, na yarda da batun sabo, amma ba shi ke nan ba. Ni ma ba da Oistrakh na fara ba. Abin da nake nufi, kiɗa yana son ka ji mutum a ciki, ka ji cewa zai iya faɗuwa. Heifetz ba ka taɓa jin tsoron zai faɗi. Na kalli tsohon hotonsa mai motsi, yana tsaye ƙyam kamar soja, gogen a sama, fuska ba annuri ba ɓacin rai, kamar mai jiran mota.

Baba Mai Ritaya:
To kin ga, da ido kika yanke masa hukunci. Wannan ƙorafin ya girme ki, ya girme ni. Da ya je Landan a 1920, marubucin nan George Bernard Shaw ya ji shi, ya aika masa wasiƙa yana ba shi shawara ya riƙa kuskure ko da sauti ɗaya ne kowane dare kafin ya kwanta, don irin wannan cikar ba ta ɗan Adam ba ce. Tun daga nan aka laƙaba masa sanyi. Ni kuwa na ce mutumin da bai motsa fuska ba, ya zuba komai a hannun dama, ya fi mini mai lanƙwasa kamar maciji a dandali sautin kuma ba komai.

In kina son inda za ki kama shi da hujja, ba a Beethoven ba ne, a Tchaikovsky ne, wanda ya ɗauka da Fritz Reiner a Shikago a 1957. A can kam an yi yanka, musamman a kashin ƙarshe, kuma an sauya wasu wurare. Abin dariyar, Tchaikovsky da ya rubuta shi a 1878 Auer ya sadaukar wa, Auer ya ƙi kaɗawa. Sai Adolph Brodsky ya fito da shi a Biyana a 1881, wani mai sharhi Eduard Hanslick ya rubuta cewa kiɗa ne mai wari a kunne. Daga baya Auer ɗin ya dawo ya rungume shi, ya yi masa aski yadda yake so, ya koya wa ɗalibansa. Heifetz askin malaminsa ya bi. Masu goge na yanzu yawanci sun koma kaɗa shi cikakke.

Maman Sultana:
Wato wanda ya ƙi abu da farko shi ya dawo yana gyara wa mai shi. Mun san irinsu a wurin aiki.

A na Brahms fa? Wanda ya yi da Reiner a 1955. Kashi na biyu algaitarsu ce take buɗewa da dogon kari, mai goge yana tsaye yana jira. Har an ce wani gwanin goge Sarasate ya ƙi kaɗa shi saboda ba zai tsaya da goge a hannu yana sauraron mai busa yana cinye karin da ya fi daɗi ba. A can ma na ji Heifetz kamar yana ƙagare a ba shi wuri.

Baba Mai Ritaya:
A Brahms zan ba ki rabi. Shi wannan kiɗan yana son ƙiba, kuma Oistrakh da Klemperer na 1960 sun fi cika shi. Amma rabi kawai, kashin ƙarshe na Heifetz ne ba gardama.

Abba Injiniya:
Ni dai na sauke na Mendelssohn ɗin a waya tun ɗazu. Minti shidan ƙarshe na ji sau uku. Ban san me ake faɗa ba har yanzu, amma ƙafata tana motsi. Akwai inda mutum zai ga irin wannan ido da ido a ƙasar nan, ko sai an yi biza?

Shugaban Zaure:
Akwai cibiyar MUSON a Onikan, Legas. Suna da makarantar kiɗa da ƙungiyar makaɗa, kuma suna yin wasa a zaurensu. In aiki ya kai ka ka duba jadawalinsu.

Baban Ilham:
Barkanmu da safiya. Na kawo rahoto. Yau na sa na Heifetz a mota, na yi yadda Baba ya ce, na bar kallon agogo na bi tambarin. Gaskiya na ji bugun huɗun nan a wuraren da shekara uku ban taɓa jin sa ba, har a ƙarƙashin wurin da Maman Sultana take magana. Amma da aka iso wurin, ni dai na so ya ɗan jira ni. Ban gama shiga ba ya fita. Kashi na biyu kuwa ba ni da ta cewa, na rage gilashi na kashe fanka don in ji sosai.

Matsalar ɗaya ce. Na Mutter daidai ƙofar ofis yake ƙarewa, na saba ina kashe mota ana bugun ƙarshe. Wannan ya ƙare ina tsakiyar cunkoso wajen gadar sama, sai ga Mendelssohn ya faɗo mini ba sallama.

Maman Sultana:
Ka ga ribar gudu, ka samu konceto ɗaya da rabi a kuɗin mai ɗaya. Gobe ka sa Oistrakh ka zo mu yi magana. Ni yanzu na fito daga aikin dare, sai na tashi.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya huta gajiya 'yata. Baban Ilham, kafin ta sace ka, ka nemi na Sibelius da ya ɗauka a Shikago a 1959, Walter Hendl yana jagora. Heifetz ne ya fara sa wannan konceton a faifan kasuwa tun 1935, lokacin ba kowa ke kusantarsa ba. Ka ji minti ɗayan farko kawai, da daddare, bayan yara sun kwanta.

Ɗan Damagaram:
Baba, tambaya ta ƙarshe. Ƙaron nan nasu, ana samunsa a Kano? Gogen tsohon yana nan rataye a ɗakin kawuna, fatar ba ta fashe ba, izgar ce ta ƙare. In na shigo sallah ina so in gwada nasu in ji ko da bambanci.

Baba Mai Ritaya:
Ka duba shagunan masu sayar da kayan kiɗan coci a Sabon Gari, wani ɗan dunƙule ne kamar alewar madara mai ruwan zuma. Kada ka shafa da yawa, sau uku ko huɗu ya isa. In ka ɗaura izgar ka ɗauko mana sautin a waya, amma ka ja wayar baya kamar taku biyar, kada ka yi mana irin ta Heifetz.